Ƙararrawar Asuba: Addu'ar Safe da ta Yamma a Majami'ar Angilikan

Karatu: Fitowa 29:38-42, Ayyukan Manzanni 2:42-47, 1 Korantiyawa 14:13-19

  

Yau za mu yi magana a kan sujadar kowace rana. Ta ranar Lahadi kowa ya san ta. A yi wanka, a sa tufafi masu kyau, 'yan kwaya su shiga a jere, majami'a ta cika har waɗansu su tsaya a bakin taga. Amma ranar Talata fa? Ranar Alhamis da damina, sa'ad da ciyawa take neman cinye gona? Yaro yakan ga maƙwabcinmu Musulmi yana alwala sau biyar a yini, sai ya juyo ya tambayi mahaifinsa, "Baba, mu sai ranar Lahadi kaɗai muke addu'a?" Tambayar yaro ce, amma tana da nauyi, ya kuwa kamata uba ya sami amsar da zai ba shi.

Zan ɗauki misali daga ɗarikar Angilikan, domin suna da tsarin addu'ar safe da ta yamma a rubuce, wanda ya haura shekara 470 ana aiki da shi. Na sani da yawa cikinku 'yan ECWA ne, ko COCIN, ko EYN, ko LCCN, ko Baftis, ko Katolika. Ban ce kowa ya bar ikkilisiyarsa ba. Amma in maƙwabcinka yana da iri mai kyau a rumbunsa, ba abin kunya ba ne ka roƙi mudu ɗaya ka gwada a gonarka.

A ƙauyuka da yawa inda akwai majami'ar Angilikan, wajen ƙarfe biyar ko biyar da rabi na asuba za ka ji ana buga ƙararrawa. Sau da yawa ma ba ƙararrawa ba ce ta ainihi, tsohon ƙarfen tayar mota ne aka rataye a reshen mangwaro. Mai bugawa katikis ne, ko mai bishara, domin Rabaran ɗaya yakan lura da majami'u huɗu ko biyar, ba zai kwana a dukansu ba. Masu zuwa ba su da yawa. Tsofaffin mata uku ko huɗu da mayafi saboda sanyi, dattijo ɗaya ko biyu, wata uwa da goyo, wani ɗan makaranta da jarrabawa ta sa shi a gaba. Su zauna a bencin gaba da tocila. Cikin minti 30 sun gama, kowa ya ɗauki fartanyarsa. To, me suke yi a cikin wannan rabin awa, kuma wa ya tsara musu shi?

Daga ina aka samo wannan tsari?

Tushensa yana cikin Littafi Mai Tsarki. A Fitowa sura 29 Allah ya umarci Musa a riƙa miƙa 'yan raguna biyu kowace rana, ɗaya da safe, ɗaya da maraice, babu fashi. A Zabura 141 Dawuda ya roƙa a karɓi addu'arsa kamar turare, ɗaga hannuwansa kuma kamar hadayar maraice. Daniyel yakan durƙusa sau uku a rana, bai kuwa fasa ba ko da aka kafa dokar da za ta kai shi kogon zakoki. Bayan Fentikos, Bitrus da Yahaya suna hawa Haikali a lokacin addu'a na ƙarfe uku na yamma, a nan ne suka warkar da gurgun da ke bakin ƙofa. Wato masu bi na farko suna da lokatan da suka keɓe. Ba sa jira sai ranar da zuciya ta motsa.

Daga baya 'yan zuhudu, wato waɗanda suka keɓe kansu daga harkokin duniya domin addu'a, suka ɗauki Zabura 119:164, inda mai zabura ya ce yana yabon Allah sau bakwai a rana, suka raba yininsu a kan haka, da ƙarin wata addu'a cikin dare. Abu ne mai kyau ga wanda ba shi da gona, ba shi da iyali. Manomi ba zai iya ba. Ga shi kuma a ƙasashen Turai ta yamma duk cikin harshen Latin ake yi, harshen da talaka ba ya ji.

A ƙasar Ingila, Babban Bishop na Kantabari mai suna Thomas Cranmer ya tattara waɗannan lokatai ya mai da su biyu, safe da yamma, ya kuma juya su cikin Turanci, harshen mutanen ƙasar. Littafin Addu'a na farko ya fito a 1549, aka sake gyara shi a 1552. A gabatarwarsa Cranmer ya yi kuka da abu biyu. Na ɗaya, ana fara karatun littafi kamar Ishaya ko Farawa, a yi sura uku ko huɗu, a watsar. Na biyu, dokokin sujada sun yi yawa har neman wurin da za a karanta ya fi karatun kansa wahala. Abin da yake so shi ne mai noma da mai sayar da itace su ji Maganar Allah a jere, kowace rana, cikin harshen da suke fahimta. An ƙone shi da wuta a garin Oksfod a 1556, zamanin Sarauniya Mary, amma littafin bai mutu tare da shi ba. Gyaran 1662 shi ne 'yan mishan na CMS suka zo da shi ƙasarmu, daga Badagry a 1842, zuwa Onitsha da Lokoja ta hannun Samuel Ajayi Crowther, har zuwa Zariya da Wusasa, inda majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929 take tsaye har yau. Ikkilisiyar Angilikan ta Nijeriya ta sami cin gashin kanta a 1979, ta kuma buga nata Littafin Addu'a, amma ƙashin bayan addu'ar safe da ta yamma yana nan yadda yake.

Akwai wata doka a littafin 1662 da nake so ku ji. An ɗora wa kowane firist da dikin su yi addu'ar safe da ta yamma kowace rana, ko tare da jama'a ko su kaɗai. An kuma ce mai lura da majami'a ya sa a buga ƙararrawa kafin a fara, domin mutane su zo su ji Maganar Allah su yi addu'a tare da shi. Saboda haka wannan ƙarfen tayar mota da kuke ji da asuba yana cika umarnin da aka rubuta tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Ko mutum biyu suka zo, za a yi. Ko ba wanda ya zo, katikis zai yi, ya ambaci garin duka a gaban Allah.

Abin da ake yi da safe

Ana farawa da aya ɗaya ko biyu masu kira zuwa tuba. Sai kowa ya durƙusa, a furta zunubi tare da murya ɗaya. Addu'ar tana kwatanta mu da tumakin da suka bar hanya, tana kuma ambaton laifi iri biyu, wato mugun abin da muka aikata, da kuma nagarin abin da muka ƙi yi. Wannan na biyun shi ne muka fi mantawa. Mutum zai ce, "Ni ban yi sata ba, ban sha giya ba." To, gwauruwar da ke bayan gidanka, wadda jinkar ɗakinta ke yoyo tun farkon damina fa? In firist yana nan, shi ne zai miƙe ya sanar da gafarar Allah ga masu tuba da gaskiya. In katikis ne yake bi da sujada, ba zai yi wannan sanarwa ba, sai ya roƙi gafara domin kansa da jama'a duka. Daga nan sai Addu'ar Ubangiji.

Bayan haka sai yabo. Kusan kowace safiya da Zabura 95 ake buɗewa. Rabinta na fari kira ne a zo a raira waƙa a durƙusa a gaban Mahalicci. Rabinta na biyu kashedi ne kada a taurare zuciya kamar yadda Isra'ilawa suka yi a jeji. An sa ta a nan da gangan, domin yanzu za a buɗe Littafi.

Karatu biyu ne, ɗaya daga Tsohon Alkawari, ɗaya daga Sabon Alkawari. Mai karatu ba ya zaɓen wurin da ya ga dama. Akwai jadawali, inda aka tsaya jiya nan za a ɗora yau. A tsarin Cranmer na farko, wanda bai yi fashi ba zai ji yawancin Tsohon Alkawari sau ɗaya a shekara, Sabon Alkawari kuwa sau uku, ban da Wahayin Yahaya da ake ɗaukar kaɗan daga cikinsa. An sauƙaƙa jadawalin daga baya, amma manufar ba ta sake ba. Mu masu wa'azi, in an bar mu da son zuciyarmu, ayoyi goma ko ashirin ne za mu yi ta juyawa shekara da shekaru. Jadawali yakan kai mu Amos, ya kai mu Yakubu sura 5, wuraren da suke taɓa mai kuɗi da mai mulki da mai wa'azin kansa.

Bayan kowane karatu akwai waƙar amsawa. Da safe, bayan karatu na biyu, akan rera waƙar Zakariya mahaifin Yahaya Maibaftisma, daga Luka 1:68-79, ko kuwa Zabura 100. Sai a miƙe a furta Shaidar Bangaskiya ta Manzanni. Sai gajerun addu'o'i uku: ta makon da ake ciki, ta neman salama, da ta neman alheri domin yinin, cewa Allah da ya kawo mu farkon wannan rana lafiya ya tsare mu daga zunubi da hatsari. Ana roƙo domin shugabannin ƙasa, kamar yadda 1 Timoti 2:1-2 ta umarta, ko ka zaɓe su ko ba ka zaɓe su ba. Ana roƙo domin Bishop da ma'aikatan ikkilisiya. A majami'unmu a nan ne katikis yakan ba da zarafi a kawo roƙe-roƙe: wance tana asibiti, ɗan wane ya tafi neman aiki Abuja, ruwa ya ɗauke kwana goma. A rufe da albarkar da ke 2 Korantiyawa 13:14.

Zabura cikin kwana talatin

Na tsallake abu ɗaya da gangan domin in daɗe a kansa. Tsakanin Zabura 95 da karatu na fari, ana karanta zaburar ranar. Cranmer ya raba Zabura 150 a kan kwana 30, safe da yamma, kashi 60 ke nan. Ran 1 ga wata da safe Zabura 1 zuwa 5, da yamma 6 zuwa 8. Ran 30 da yamma 147 zuwa 150. Zabura 119, saboda tsawonta, an yanka ta kashi biyar, daga yammacin 24 ga wata zuwa yammacin 26. Mai bi da sujada ya karanta aya ɗaya, jama'a su amsa da ta biye, ko ɓangaren maza da ɓangaren mata su riƙa karɓa wa juna.

Ku lissafta. Wanda ya riƙe wannan shekara goma ya bi ta cikin kusan kowace zabura sau 120. Shi ya sa za ka tarar da tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, amma in an fara aya sai ta ƙarasa. Ranar da idonta ya daina gani, ko ranar da aka gudu daga gari ba a ɗauki ko littafi ɗaya ba, abin yana cikinta.

Akwai wani amfani kuma. Mu Kirista na wannan zamani mun iya waƙar nasara ƙwarai, amma ba mu iya kuka a gaban Allah ba. Har akwai masu koyarwa cewa in ka faɗi damuwarka a fili, ka nuna rashin bangaskiya. Ran 17 ga wata da safe, tsarin nan zai sa Zabura 88 a bakinka. Zabura ce ta mutumin da ya yi ta kira dare da rana, abokai suka guje shi, ya ƙare maganarsa cikin duhu ba tare da ya ga amsa ba. Ruhu Mai Tsarki ne ya sa aka rubuta ta. Wataƙila ran nan kai lafiyarka ƙalau, masararka ta yi kyau. Amma matar da ke zaune a bayanka ta binne ɗanta makon jiya, bakinta ya mutu, ba ta san abin da za ta ce wa Allah ba. Kai ne kake furta mata. Washegari, ran 18, sai ga Zabura 90 da 91 da 92, masu maganar Allah mafakarmu. Wata rana kuma kai ne za ka zo da nauyin zuciya, zaburar ranar ta zama ta yabo, murnar 'yan'uwa ta ɗauke ka. Ubangijinmu da kansa, yana kan gicciye, da kalmomin Zabura 22 da na Zabura 31 ya yi addu'a. A sa'ar da ta fi kowace tsanani, abin da ya haddace tun yana yaro shi ya fito daga bakinsa.

Sa'ad da rana ta faɗi

Addu'ar yamma tana bin sawun ta safe. Bambancin yana wajen waƙoƙi da addu'o'in ƙarshe. Bayan karatu na fari akan rera waƙar Maryamu, Luka 1:46-55, inda yarinya daga ƙauyen Nazarat take yabon Allah mai ƙasƙantar da masu girmankai, mai ƙosar da mayunwata. Bayan na biyu sai waƙar tsoho Saminu, Luka 2:29-32, wanda ya rungumi jariri Yesu a Haikali ya ce yanzu a shirye yake ya tafi cikin salama. Kowane dare mai bi yana koyon yadda zai kwanta, yana kuma koyon yadda zai mutu.

Addu'a ta uku ta yamma gajeriya ce ƙwarai, ba ta kai layi huɗu ba. Tana roƙon Allah ya haskaka duhunmu, ya kāre mu daga dukan hatsarin wannan dare. A garuruwan da ke da wutar lantarki da 'yan sanda a bakin titi, mutum zai iya karanta ta yana hamma. Mu a Filato da kudancin Kaduna da Binuwai da Taraba mun san abin da dare yake iya kawowa. Mutanen ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi ba za su manta da jajibirin Kirsimeti na 2023 ba. Wanda ya taɓa kwana a cikin dawa da yara a ƙirjinsa, in ya ji wannan addu'a, ba sai an yi masa bayani ba.

Kada wani ya ce na ce addu'a layar tsari ce. Akwai masu bi na ƙwarai da suka yi ta da yamma, ba su ga safiya ba. Ba ta kuma hana gari ya sa masu tsaro ko ya kai kuka wurin hukuma. Abin da take yi shi ne ta miƙa daren a hannun wanda ba ya gyangyaɗi, ta hana tsoro ya zama sarkin gida.

Ku lura kuma da abin da ba ya cikin littafin. Ba za ka sami addu'ar a kashe wane ko wuta ta cinye wance ba. Akwai wata doguwar addu'ar roƙo da ake kira Litani, wadda Cranmer ya fitar tun 1544, aka kuma tsara a yi ta ran Lahadi da Laraba da Jumma'a. Mai bi da sujada ya ambaci roƙo, jama'a su amsa. Tana roƙo domin matafiya, da mata masu naƙuda, da marasa lafiya, da ƙananan yara, da marayu da gwauraye, da amfanin gona, da 'yan kurkuku da waɗanda aka kama aka tsare. Iyalin da aka sace musu mutum a hanya suna nan a ciki. Sa'an nan ta roƙi Allah ya gafarta wa maƙiyanmu da masu tsananta mana da masu ɓata mana suna, ya juyo da zukatansu. Wannan roƙo yana da ɗaci a baki, musamman a garin da aka yi jana'izar mutane da yawa rana ɗaya. In an bar mu mu kaɗai, ba za mu kai kansa ba. Da yake a rubuce yake, ran Laraba za ta zo, dole a furta shi, Matiyu 5:44 kuwa tana bayansa.

"Ai addu'ar littafi ba ta da Ruhu"

Na san waɗansunku suna ta wannan magana a zuci tun ɗazu. Za su kawo Matiyu 6:7, inda Yesu ya hana maimaita maganganun banza kamar na al'ummai. Gaskiya ne, hatsarin yana nan. Mutum zai iya bin Shaidar Bangaskiya daga fari zuwa ƙarshe alhali hankalinsa yana kan kuɗin taki. Amma ku karanta ayoyin da ke biye. Nan take Yesu ya ba almajiransa kalmomin da za su riƙa faɗa, su ne muke kira Addu'ar Ubangiji. A Getsamani kuma, Matiyu 26:44 ta nuna ya koma sau na uku yana faɗar magana iri ɗaya. Abin da ya hana shi ne surutu da tsammanin yawan magana ne yake sa Allah ya ji.

Mu faɗa wa juna gaskiya kuma. Wanda yake addu'a da ka, shi ma yana da nasa littafin, sai dai ba a buga shi ba. Ku saurari dattijon da kuka saba ji kowace Lahadi, kun san inda zai fara da inda zai ƙare. Waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi ma addu'o'i ne da wani ya rubuta, ba wanda ya ce ba su da Ruhu. A ganina gida yana bukatar duka biyu. Addu'ar da ka tana kawo abin da ke ƙuna a zuciya yau. Rubutacciya tana tuna maka abin da za ka manta, tana kuma riƙe ka a ranar da ba ka da kalma ko ɗaya.

Wane harshe?

Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da Hausa ba harshen iyayenmu ba ne. A cikin Ƙa'idodin Bangaskiya 39 na Angilikan, ta 24 ta ce yin addu'ar jama'a cikin harshen da mutane ba sa fahimta ya saɓa wa Maganar Allah. Daga 1 Korantiyawa 14 aka ɗauko wannan, inda Bulus ya fifita kalmomi biyar da za a fahimta a kan dubu goma da ba za a fahimta ba, ya kuma tambaya yadda mutum zai ce Amin ga abin da bai ji ba.

Ga wani labari daga tarihin littafin nan. A 1549, shekarar da ya fito, mutanen yankin Konwal da Debon a kudu maso yammacin Ingila suka tayar da bore. Cikin koke-kokensu har da cewa waɗansu mutanen Konwal ba sa jin Turanci, domin suna da nasu harshe. Aka murƙushe su da ƙarfin soja, ba a kuwa juya musu littafin a lokacin ba. Harshen ya yi ta ja da baya, har zuwa ƙarshen ƙarni na 18 ya fita daga bakin jama'a. Maƙwabtansu na Wales kuwa sun sami Littafin Addu'a da Sabon Alkawari cikin harshensu a 1567, cikakken Littafi Mai Tsarki a 1588. Har yau dubban ɗaruruwa suna magana da harshen Wales, masana tarihi da yawa kuwa suna cewa jin sa a majami'a kullum yana cikin abin da ya raya shi.

Mun gode wa Allah saboda Hausa. Tun da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito cikinta a 1932, ta haɗa Ngas da Bajju da Bura da Tangale a benci ɗaya. Amma ku duba gidajenmu. Kaka tana jin Hausar kasuwa, in an kai ga kalmomi irin su barata da fansa da tsarkakewa sai ta yi shiru. Jikoki kuma Turancin makaranta ya fi musu sauƙi, harshen gida sai gaisuwa. Kaka da jika suna durƙusa a tabarma ɗaya, kowa yana jin rabi.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura ba. Harsunanmu da dama, irin su Ngas, Mwaghavul, Berom, Tarok, Jju, Bura da Tangale, suna da Sabon Alkawari a buge, waɗansu har a waya ana iya sauraronsa. Duk gidan da ke da shi, yana da mafi yawan addu'ar safe da ta yamma a hannu. Addu'ar Ubangiji tana Matiyu 6. Waƙar Zakariya da ta Maryamu suna Luka 1, ta Saminu tana Luka 2. Albarkar rufewa tana ƙarshen 2 Korantiyawa. In ba a juya Zabura ba tukuna, a karanta ta da Hausa, wani ya faɗi ma'anarta da harshen gida, kamar yadda Lawiyawa suka yi wa jama'a a Nehemiya 8:8.

In majami'a ta yi nisa

Ba kowa zai iya amsa ƙararrawa ba. Mai aikin dare yana nan, mai jego tana nan, akwai kuma lokatan da dokar hana fita ko halin tsaro ba za su bari a taka waje da asuba ba. Sai a yi a tsakar gida. Minti 10 ya isa. A yi shiru kaɗan, maigida ko uwargida ta roƙi gafara domin kowa. A karanta zabura ɗaya daga cikin na ranar, ba lalle duka ba. A karanta ayoyi 10 ko 15 daga Bishara, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Yaron da ya iya karatu shi za a ba littafin, da harshen gida in akwai, ko yana tuntuɓe a bar shi, kaka za ta gyara masa lafazi. Sai roƙe-roƙe, a ambaci mutane da sunayensu. Sai Addu'ar Ubangiji da albarka. Uwar da mijinta ya rasu, ko wadda mijinta ba ya bi, kada ta ce ba ta da iko. Timoti daga wurin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ya koya.

Lokaci kuwa a ɗaure shi da abin da ba ya fashi. Da safe kafin a hura wuta, da yamma bayan tuwo kafin a kwashe kwanuka, domin in yara suka watse, tara su aiki ne. Wayoyi a kife su, sai dai wadda ake sauraron karatu da ita.

Za a yi fashi, wannan ba shakka. Baƙi za su zo, za a kwana a gidan makoki, girbi zai sa kowa ya faɗi kamar gawa. In kun tsallake kwana uku, kada ku ce sai kun rama na baya, nauyin zai sa ku bari gaba ɗaya. Ku duba kwanan wata ku shiga inda sauran 'yan'uwa suke. In wata yana da kwana 31, ran 31 ana maimaita zaburar ran 30. Wanda yake son jadawalin duka, yana cikin Littafin Addu'a, katikis na majami'ar Angilikan mafi kusa da ku zai bari ku kwafa a takarda ɗaya ku manna a bango.

Sai mun sake saduwa a wannan fili mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku kwana lafiya.